Shekarar da Aka Ari Katakon Ƙofar Ruwa

Ku kun tashi kun tarar da babanku maigadi ne, mai tsohuwar kwat da sanda, da hannun dama wanda yatsunsa ba sa lanƙwasuwa. Kun kuma tarar da sunan da aka liƙa masa. Na san an kira ku da shi a makaranta. Na san ranar da Sale ya dawo da riga a yage ya ƙi faɗa mini dalili, ni ma ban tambaye shi ba don na riga na sani. 'Ya'yan Buɗe-ƙofa. Yana raye ya hana ni magana, ni kuma ban saba yi masa musu ba. Yanzu ya tafi, ni ma ina jin jikina, idona ya soma gajiya da takarda. Rubutun nan da na koya a ajin yaƙi da jahilci ina goye da Hadiza, ban taɓa rubuta abu mai tsawo da shi ba sai wannan. Ku karɓe shi yadda ya zo.

Inda gidanmu yake, a gefen Unguwar Rimi ta wajen kogi, da ba unguwa ba ce. Gidajen masunta ne 'yan kaɗan a kan tudu, sai fadama shimfiɗe a gabanmu, ciyawa har ƙirji da damina. Tsakanin fadamar da kogi akwai doguwar gaɓa mai ɗan tudu, a jikinta kuma akwai wata tsaga inda wani tsohon ɓaure ya tsaya. Ita muke kira Baki. In damina ta kankama kogi ya fara kumbura, ta Bakin nan ruwa ke shigowa fadama a hankali, kifi na biye da shi. Tarwaɗa da ƙarfasa da bargi, ciki cike da ƙwai, su shiga ciyawa su yi. Bargi har sheƙa yake yi, ya murɗe ciyawa ya yi da'ira kamar faifai, in ka tsaya a tudu da safe kana hango su. Daga ranar da kifi ya shiga ba mai jefa birgi, wato tarun jifa, a fadama, ba mai kafa ƙugiya, ko yunwa za ta kashe shi. Sai ruwa ya juya, 'ya'yan kifi sun bi Baki sun koma kogi baƙi ƙirin kamar an zubar da gero, sannan babanku ya sa ranar su, ranar kamun kifi na kowa da kowa, kowa ya fito da komarsa a kwashe abin da ya rage. Shi ne babba a cikin masuntan, shi ya sa ake ce masa Sarkin Ruwa, ba don an taɓa naɗa masa rawani ba. Ni kuwa banda nake yi. Kayana da gashina da ku kanku, duk ƙanshin hayaƙin kifi muke yi, ban taɓa jin kunyarsa ba.

Sai shekarun fari suka zo, wajen lokacin da aka canza kuɗi. Damina ta zo ta wuce ruwa bai leƙo Baki ba, wata ma ta zo ta wuce haka. Garin kuma ya cika da ma'aikata bayan yaƙi, kowa na neman inda zai kafa ɗaki. Mutum ya zo da rani ya ga fili busasshe, lafiyayye, ba nisa da ofis, me zai hana shi? Aka fara gini a gefen fadama, a gangaren da ke ƙasan tudunmu, akawu da tela da direba da mai gyaran keke, wasu da bulo, mafi yawa da jar ƙasa. Babanku ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina jin sa ta katanga yana ce wa wani:

"Malam, nan ɗakin kwanan kogi ne. Tafiya ya yi, zai dawo."

"To in ya dawo sai ya yi sallama, Sarkin Ruwa," in ji mutumin, aka yi dariya.

Ba mugaye ba ne, ina so ku riƙe wannan. A cikinsu akwai Malam Isa, akawu, Bakatsine, mutum mai sanyin magana da ba ya wuce ka bai gaishe ka ba. Akwai Iya Delu mai koko, tsohuwa, wadda ɗanta Ɗanladi tela ya gina wa ɗaki a can ƙarshen gangare. Ita ce ke kiran babanku mijinta. Duk safiya in ya wuce da birgi a kafaɗa sai ta ɗaga ludayi:

"Miji ba cefane! Yau ma ƙarnin kawai za ka kawo mini?"

"Ke da kike ba ni koko tsararo? Ki gyara damu in gyara kamu."

Da ruwa ya dawo, bai yi sallama ba. Ya shiga ɗakuna har ƙauri, ya jiƙa katifu da buhunan hatsi, ya kwashe kaji. Ba wanda ya mutu a wannan karon, amma unguwa ta rabu biyu. Mutanen gangare suka ce a toshe Baki da ƙasa da dutse, a huta. Masunta suka ce duk wanda ya zuba kwano ɗaya na ƙasa a Baki, to ya zuba a tukunyar tuwonmu. Matan da muke aron turmi da su suka daina amsa gaisuwata. Aka daina sayen bandata a gangare, sai in ba da a kai kasuwa. Iya Delu kaɗai ke aiko jikarta da kwano, tana cewa ita ba ta gaba da kishiyarta a kan ruwa.

Malam Isa ne ya ɗinke mu. Shi ya yi ta zarya tsakanin tudu da gangare bayan ya tashi daga ofis, ya zauna a zaurenmu ya saurari babanku har ya gane me ya sa ba a toshe Baki, ya koma ya gaya wa nasa mutanen. Daga baya ya zo da wani abokinsa injiniya, saurayi mai yawan dariya, suka sauka gaɓa da babanku da mai unguwa. Babanku ya ba ni labari da ya dawo. Ya ce injiniyan ya tambaye shi ko kifin da babban ruwa tare suke shigowa. Ya ce masa a'a, kifi ruwan fari yake bi, tun kogi na rarrafe, babban ruwa sai can tsakiyar damina. Injiniya ya tafa hannu ya ce:

"To ai ba faɗa a nan, Baba. Ƙofa za mu yi. Baƙonka ya shiga, mu rufe wa ɓarawo."

Abin da aka shirya ke nan. A ɗaga gaɓar duka da jinga ta ƙasa, a Baki kuma a gina ginshiƙai biyu na siminti masu tsagi a jiki, inda za a riƙa zura katako daga sama, ɗaya kan ɗaya, har ƙofa ta rufe. Da farkon damina a bar ta buɗe kifi ya shiga. In ruwa ya kusa taɓa babbar saiwar ɓauren nan, a zura katako. In kogi ya sauka a zare, 'ya'yan kifi su fita. Aka ce babanku ne mai ƙofa, katakon kuma a zaurenmu zai riƙa zama in ba ya aiki.

Ban taɓa ganin rani mai daɗi kamar na aikin jingar nan ba. Gayya aka yi, duk ranar da ba a zuwa ofis. Sai ka ga akawu ya naɗe wando yana ɗauke da kwanon ƙasa a ka, masunci na yi masa tsiya wai hannun biro ya yi kanta. Mu mata muka haɗa murhu a gindin ɓaure, na tudu da na gangare, wadda ta daina amsa mini gaisuwa ita ke miƙo mini muciya. Iya Delu ta kafa tukunyar kokonta ta ce duk wanda bai yi zufa ba kada ya miƙo kwano. Katakon kuwa na maɗaci ne, masu kauri, masu faɗi, an goge su sumul don su shiga tsagi ba gardama. Sai mutum biyu ke ɗaukar ɗaya. Daminar da ta biyo, komai ya tafi yadda aka faɗa. Kifi ya shiga, aka rufe, kogi ya zo ya yi ta dukan katako ya gaji ya koma, ba ɗakin da ya jiƙe. Ranar su, mutanen gangare suka fito da kwanduna da zannuwa, Malam Isa ya faɗa ruwa da tabarau, ya taso riƙe da tarwaɗa yana ihu kamar yaro. Babanku ya dawo gida ranar ya ce mini:

"Asabe, ashe ana iyawa."

Damina ta gaba ce shekarar da nake so in ba ku labari. Ƙofa na buɗe, kifi ya shiga, an yi kwana da kwanaki ana marka, ƙasa duk ta zama caɓi, amma kogi bai taso sosai ba tukuna. A cikin wannan hali mahaifiyar Malam Isa ta rasu, tsohuwar da ya ɗauko daga Katsina ya dawo da ita wurinsa. Da aka dawo daga maƙabarta, sai ga mai unguwa da kansa a zaurenmu, da samari a bayansa. Ina tsakar gida ina jin su.

"Sarkin Ruwa, mutane za su zo daga ofis, manya, har daga Katsina. Ƙofar gidan nan ka gan ta, ba inda za a shimfiɗa tabarma. Katakon nan naka, a ɗora a kan bulo a zauna."

"Ranka ya daɗe, ba nawa ba ne. Na jama'a ne."

"To ai jama'ar ce za ta zauna."

Babanku ya sauka Baki ya duba, ya ga tsakanin ruwa da saiwa akwai fiye da kamu guda. Ya dawo ya ce a ɗauka. Ku da kuka girma da kujerun haya ba za ku gane ba, amma a lokacin ba a hana gidan rasuwa komai. In an ce tukunyarka ake so, ko tuwo na ciki sai ka juye ka bayar. Balle gidan Malam Isa, wanda ba don shi ba da babu ƙofar ma.

Washegari gari ya waye tas, rana ta fito, ba ko ɗigon ruwa. Amma babanku ya dawo daga gaɓa fuskarsa ba daidai ba. Ya ce ruwan kogi ya sauya launi, ya yi ja, yana tafe da kumfa da karare. An yi ruwa mai yawa can gabas inda ba mu gani ba, kuma yana hanya. Na ce masa ya je ya karɓo katakon. Ya sa riga ya tafi. Ya daɗe. Da ya dawo hannu wofi, na tsaya da tsintsiya ina dubansa.

"Na je," ya ce. "Liman na zaune a kai, dattawa na kai, baƙi daga Katsina na kai. Malam Isa ya kama hannuna yana hawaye, ya ce in zauna kusa da shi. Na zauna. A kan katakon na zauna, Asabe. Da wane baki zan ce ku tashi?"

"Malam, ka ja mai unguwa gefe mana."

"Na ja shi. Ya ce gobe da safe sadakar uku, ana shafa fatiha a kwashe. Ya ce dubi sama, ko gajimare babu."

"Kai me ka gani?"

"Na ga zai kai gobe da azahar kafin ya taɓa saiwa. In Allah ya so."

Ya yi wunin nan yana sauka gaɓa yana hawowa. Bai ci abinci ba. Ni kuma na ƙyale shi, don na ga abin da ke cin sa ya ishe shi.

Bai kai azahar ba. Da hantsi, ana tsakiyar addu'a, babanku ya baro gaɓa da gudu, abin da ban taɓa gani ba, ya tsaya a bayan taro yana haki. Saiwa ta riga ta nutse. Duk da haka, ku ji, ya tsaya har liman ya kai ƙarshe aka shafa. Sannan ya ɗaga murya. Mutane suka miƙe, aka wawuri katako aka yi gaɓa, masu manyan riguna da masu takalman ofis. Na bi su har inda zan iya hangowa. Ruwan da ke shiga ƙofar ba irin wanda muka sani ba ne, ya cika tsakanin ginshiƙan yana ruri, ana magana ba a jin juna. Katakon nan sai ruwa na kwance ake zura shi, ya sauka a miƙe. Babanku ya hau ginshiƙi ɗaya, wani masunci ya hau ɗayan, suka sa na fari a tsagi. Yana taɓa ruwa ya karkace, ya danne hannun babanku a jikin siminti, sannan ya ɓalle ya tafi. Suka gwada na biyu, shi ma ya tafi. Daga nan ba wanda ya ƙara hawa. In kun taɓa tambayarsa me ya sami hannunsa ya ce ƙofa ce ta datse shi, bai yi muku ƙarya ba.

Abin da ba wanda ya yi tunaninsa shi ne, jingar da muka gina don ta tare ruwa a waje ita ta tsare shi a ciki. Da, in ya shigo yakan bazu ya zurare ta wurare da yawa. Yanzu ba mafita sai ƙofar nan, ita kuma kogi ya cika ta. Ruwa ya kwanta a gangare har gwiwa, wani wurin har ƙugu, ya ƙi tafiya. Ginin jar ƙasa ba ya jure haka. Sai ka ji gum, katanga ta zauna, can kuma gum. Mutanen gangare suka hawo tudu, ɗakunanmu da zaurenmu suka cika da mata da yara da ƙullin kaya. Iya Delu ta hawo tare da su lafiya lau, har tana yi wa babanku tsiya tana duba hannunsa da aka ɗaure, wai yanzu da me zai kamo mata kifi. Da la'asar ba wanda ya lura ta sulale ta koma ɗauko tukunyar kokonta. Ɗakin ya faɗo mata. An ciro ta da rai, ƙugunta a karye, aka kai ta asibiti. Ba ta dawo ba.

Bayan ruwa ya janye an yi zama a ƙofar gidan mai unguwa. Ni ina cikin soro tare da matarsa, ana jin komai. Injiniyan ya zo, ba dariya a wannan karon. Ya yi tambaya ɗaya, cikin ladabi:

"Me ya sa ba a zura katakon a kan lokaci ba?"

'Ya'yana, a nan ne abin yake. Ba wani sirri ba ne da aka ɓoye. Duk namijin da ke zaune a wurin nan ya zauna a kan katakon. Liman ya zauna, mai unguwa shi ya zo ya ara, Ɗanladi tela da kansa yana cikin waɗanda suka jera bulo aka ɗora. Kowa ya sani. Na kasa kunne ina jiran wani ya yi gyaran murya. Na ji kukan akuya, na ji wani yana jan carbi. Na leƙa ta tsagar ƙyaure na ga Malam Isa ya sunkuyar da kai, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, yana ta gogewa. Sai Ɗanladi ya miƙe, idonsa ja, ya ce:

"Don kifinsa ya bar ta buɗe! Kifi ya fi uwata daraja a wurinsa!"

Ban riƙe shi a zuciya ba. Mutumin da uwarsa ta mutu a kan tukunyar koko dole ya sami inda zai ajiye abin, in ba haka ba ya haukace. Amma sauran fa? Aka yi shiru, irin shirun da ke nufin an yarda. Sai na ji muryar babanku, a hankali, kamar yana gaya mini kuɗin kifi:

"Ni aka ba wa ƙofa. Ni ban rufe ba."

Matar mai unguwa ta kama hannuna ta matse. Ita ma ta sani.

Da ya shigo gida na kawo masa ruwa na durƙusa, na ce:

"Malam, me ya sa?"

"Mutum ya binne uwarsa, in ɗora masa uwar wani?"

"Ai ba shi ya ara ba."

"To in ce mai unguwa? In ce liman? In na buɗe baki sai na kira kowa, kowa kuma sai ya kare kansa, mu koma tudu da gangare kamar da. In laifin na mutum ɗaya ne, sai a canza mutumin. A ba wani ƙofar. Ni ƙofar nake so ta tsira, Asabe. Kada ki faɗa wa kowa, ko yaran nan."

Lissafin da ya yi ke nan, kuma bai fita ba. Ba a canza mai ƙofa ba. Da rani ya yi aka sake gayya, ba a kira masunta ba, ba a kuma kafa murhu a gindin ɓaure ba. Aka cika tsakanin ginshiƙan da dutse da siminti. Injiniyan ya yi ƙoƙari, na ji an ce ya roƙi a bar ko ƙaramar kafa, aka ce masa an gaji da kafa. Malam Isa bai je aikin ba, bai kuma hana ba. Babanku ya ba da sunansa, ya ba da hannunsa, ƙofar ma ba ta tsira ba.

Abin da na gani da farkon daminar da ta biyo, har yau in na rufe ido ina ganinsa. Kogi ya fara rarrafowa, kifi ya zo kamar yadda ya saba. Ya tarar da bango. Suka taru a gindin simintin nan, baƙi ƙirin, suna hawa kan juna, suna tsalle suna bugun bango suna faɗowa. Labari ya bazu, mutane suka zo daga Kabala da Doka da kwanduna da bokitai, ba koma ba birgi, da hannu kawai ake ɗiba. Ana ta murna, ana cewa ba a taɓa ganin arhar kifi irin ta bana ba. Babanku ya tsaya a kan jinga yana kallo, hannu a baya. Wata maƙwabciya ta kawo mini tarwaɗa babba don in yi mata banda. Na sa wuƙa, ƙwai ya zubo ya cika mini tafi. Na wanke hannuna na mayar mata da kifinta na ce itacena ya jiƙe. Shekara ta gaba sun sake zuwa, ba su kai na bara ba. Ta gaba kaɗan ne. Daga nan ba su ƙara zuwa ba.

Masunta suka watse, wasu suka bi kogi ƙasa, wasu suka koma dako a kasuwa. Fadama ta bushe aka yanka ta filaye, inda bargi ke sheƙa yanzu shagon caji ne da gidan haya. Ruwa kuma bai daina shiga gangare ba, kun sani, kun sha kwashe shi da bokiti a gidajen ƙawayenku. Yanzu ba daga kogi yake zuwa ba, ruwan sama ne ke gangarowa daga unguwannin tudu ya tarar ba mafita, ya kwanta da shara da sauro. Ba kifi, ba kuma bushewa. Babanku da hannun nan ba ya iya jefa birgi, ba ya iya ɗinkin taru. Ya sayar da jirginsa. Malam Isa ne ya samo masa aikin gadi a ofishinsu, ya zo har zaure ya gaya masa, idonsa a ƙasa. Babanku ya yi godiya ya karɓa, don akwai ku. Shekara da shekaru yana buɗe wa motar Malam Isa ƙofa da safe, su gaisa, a tambayi iyali. Ko sau ɗaya maganar ba ta taso ba. Nakan tambaye shi ko ya yi nadama. Wata rana ya ce a'a. Wata rana, can da ya tsufa, ya ce da ya sani da ya tashe su tun ranar da ruwa ya yi ja, ko da za a ce ba shi da kunya har ya mutu.

Katakon da ya rage mutane sun kwashe, wani ya yi ƙyaure, wani ya yi teburin awo. Guda ɗaya babanku ya tsinto a cikin ciyawa bayan ruwa ya janye, ya jawo shi gida da hannu ɗaya ya ɗora a kan bulo a zaure. Shi ne bencin da kuka yi karatun allo a kai, wanda Sale ya ce kwanaki a ba mai itace don ya tsufa.

Ranar da aka yi zaman makokin babanku, Malam Isa ya zo, ya tsufa ƙwarai, jikansa na riƙe da shi. Zaure ya cika, aka tashi aka ba shi wuri a kan bencin. Ina leƙe ta labule. Ya sa hannu zai dafa, sai ya tsaya. Ya shafa gefen katakon, inda aka goge shi sumul don ya shiga tsagi. Ya daɗe yana shafawa. Sannan ya janye hannunsa ya zauna a ƙasa, a kan siminti, da farar rigarsa. Aka yi ta ce masa Alhaji ga wuri, bai tashi ba. Na ce a raina yau zai faɗa, ga 'ya'yan mutumin nan duk a zaune, ga jama'a. Na riƙe labule ina jira. Ya ɗaga hannu ya ce Allah ya jiƙansa, ya ce mutumin kirki ne. Aka shafa, jikansa ya ɗaga shi suka tafi. Bai shekara ba shi ma ya bi.

Ban rubuta wannan don ku je ku tsayar da kowa ba. Waɗanda suka zauna a kan katakon duk sun tafi, liman da mai unguwa da Ɗanladi, ba wanda ya rage da za a ce masa ka tuna. Sunan ma ya riga ya bi babanku har kabari, ba na jin takardar tsohuwa za ta goge shi. Ku dai ku sani. Allah ya yi masa rahama, ya yafe wa sauran, ya yafe mana.

Bencin kuma, Sale, a bar shi inda yake. In tawa ta zo aka ce wurin zama bai isa ba, ku shimfiɗa tabarma ko ƙasa ta jiƙe.